Wutar da Lantana Ta Ɗebo

Cikin bututun gwaji iska tana gudu fiye da sauti. Injiniya Lantana ta danna maɓalli, wani siririn haske mai ruwan shuɗi ya tsaga iskar, mai ya kama da wuta. Ma'aikata suna jiran ta mutu kamar kullum. Ba ta mutu ba.

Shekaru wannan matsala tana damun Ma'aikatar Jiragen Birnin Sarari. Injin jirgin da ya fi sauti gudu yana haɗiyar iska da ƙarfin da ko an fesa mai an ƙyasta, kafin wuta ta kama iskar ta fice da ita. Sai aka koma ga filasma, wato iskar da lantarki ya gasa har ta zama kamar walƙiya. Ma'aikata suna kiranta zaren-tsawa. Tana farfasa mai da iska su yi saurin kamawa, amma duk da haka wutar ba ta zama.

Lantana ta samo maganin daga gidansu. Tana yarinya a Unguwar Kwari, mahaifiyarta Inna Kande takan aike ta maƙwabta ɗibar wuta a tsingaro. Idan garwashin ya mutu a hanya, Inna takan ce, "Ba gudu ake yi da wuta ba, ɗaki ake yi mata." Sai ta lanƙwasa mata tafin hannu a kan tsingaron. Shi ne Lantana ta sa aka fafe ɗan gurbi a bangon injin, inda iska ke juyawa a hankali, ta dasa zaren-tsawa a ciki. Wuta ta sami ɗaki.

Da aka sa ranar tashin jirgin, ta kira gida. Ciwon ido ya daɗe da tafiya da ganin Inna Kande. Da kunne take gane duniya, da shi take gane takun 'yarta tun daga zaure. Kuma ba ta taɓa kiran sunanta ba, don 'yar fari ce.

"Inna, gobe da hantsi jirgina zai wuce. Ki sa Goggo Marka ta hau da ke saman soro."

"Ni da ba ni da ido, me zan kalla?"

"Ji za ki yi. Can sama zai bi, kamar tsawa daga nesa. Wutarki ce a ciki."

Inna ta yi dariya. "To Allah Ya sa kin mayar wa mutane tsingaronsu."

Washegari a ɗakin sarrafawa Lantana ta dubi allon hanya. An sauya layin. Maimakon jirgin ya bi ta saman dogayen benaye ya hau can ƙololuwa, zai karkata ya bi ta kan Kwari ƙasa-ƙasa. Jirgin da ya wuce sauti yana jan wata irin ƙara a bayansa, iya kusancinsa da ƙasa iya dukan da take yi.

Ta nufi shugaban ma'aikatar, Dakta Barau, yana tsaye da manyan baƙi.

"Yallaɓai, akwai mutane a ƙarƙashin layin nan."

"Akwai mutane ko'ina, Injiniya."

"Zai fasa musu kunne. A mayar da shi ta saman benaye."

Ya kurɓi shayinsa. "Gilashin benaye ba ya jure ƙara. Kunne kuwa yana sabawa. Kuma baƙi suna so su gan shi kusa."

"Mahaifiyata tana saman soro. Ni na ce ta hau."

"To ai ta fi kowa samun wurin kallo," in ji shi. Wani baƙo ya yi dariya.

Ta zaro waya ta kira Goggo Marka, maƙwabciyarsu. Wayar Goggo tana ta ringi a ɗaki, su suna sama. Tana cikin sake kira aka ce an kunna. Zaren-tsawa ya haska a allo, wuta ta zauna daram a gurbinta. Ɗakin ya ɗauki tafi. Wani ya riƙe hannun Lantana yana girgizawa.

Da la'asar ta isa Kwari. Tagogi a farfashe, tantabaru a zube a lungu, mutane suna magana da ihu ba mai jin wani. Goggo Marka tana ƙofar gida, ɗankwalinta ɗaure da kunne ɗaya.

"Ni na toshe nawa da na hango shi," ta ce. "Ita kuwa cire mayafi ta yi, ta miƙa kunne."

Lantana ta yi sallama a zaure. Shiru. Ta taka da ƙarfi kamar yadda ta saba. Inna Kande tana zaune a tabarma, busasshen jini a gefen wuyanta, fuskarta na kallon bango.

"Inna. Inna, ni ce."

Ta durƙusa ta taɓa ƙafarta. Tsohuwar ta zabura, ta lalubo hannun ta riƙe.

"Marka ce?" ta faɗa da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryarsa. "Marka, idan yarinyar nan ta zo, kar ki gaya mata. Ki ce na ji shi. Ki ce ya yi daɗi."

A can sama jirgin yana dawowa zagaye na biyu, don baƙi sun ce a sake. Lantana ta toshe kunnuwanta. Inna ba ta ko motsa ba.