Manhajar da Ba Ta Sauraron Kowa

Wata yarinya ta dawo daga makaranta a gajiye tiɓis. Ko takalmi ba ta cire ba.

Malamar kwamfuta ta ba su aikin gida. Kowa zai rubuta 'yar manhaja. Manhajar za ta nemi mutum ya buga kalma, sai ta ƙirga wasulan ciki: a, e, i, o, u. Duk wanda tasa ta yi aiki zai shiga ƙungiyar kwamfuta. Yarinyar ta daɗe tana mafarkin shiga.

Ta ari kwamfutar yayanta. Ta rubuta, ta gwada, ta gyara. Duk gwaji sai ta buga "makaranta".

"Wash! Yatsuna sun gaji," in ji ta.

Sai dabara ta faɗo mata. Ta ƙara layi ɗaya: ko me aka buga, a ɗauka "makaranta" ce. Yanzu madanni ɗaya kawai take taɓawa. Amsa ta fito: huɗu. Daidai!

"Kawo in gwada miki," in ji yayanta.

"Haba Yaya, ka bar ni. Na gama."

Ta rufe kwamfutar tana hamma. Ta manta ba ta cire layin ba.

Washegari Malama ta iso teburinta. Ita ma ta gaji, sai murza ido take yi. Ta buga "littafi".

Huɗu.

Ta buga "ido".

Huɗu.

Ba ta buga komai ba, ta danna.

Huɗu.

Wani yaro mai surutu ya ce, "Malama, wannan ai kakana ne! Ko me ka tambaye shi, amsarsa ɗaya."

Aji ya fashe da dariya. Yarinyar ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Malama ta nuna layin da yatsa. "Manhajarki tana tambaya, amma ba ta sauraron amsa. Wa ya gwada miki?"

"Ba kowa, Malama. Gajiya na yi."

"Kowa ya gaji, har ni. Na ba ki zuwa gobe."

Da yamma yarinyar ta goge layin. Ta kai wa yayanta kwamfutar, kanta a ƙasa.

"Au, ba kin gama ba?" ya ce yana dariya. Ya buga "ido". Biyu.

Ƙaninta ya dinga buga shirme, manhajar tana ƙirgawa. Mama ta shigo daga wurin aiki, ta zube a kujera.

"Mama, ba ni kalma ɗaya."

"Barci," in ji Mama.

Biyu. Daidai!

Da safe Malama ta gwada kalma bayan kalma. Sai ta yi murmushi.

"Yanzu tana ji. Ki zo ƙungiya bayan an tashi."

Tun ranar yarinyar ta gane abu ɗaya. Aikin da aka yi don mutane, sai a bar mutane su gwada shi. Ko ka gaji, duba aikinka kafin ka ce ka gama.