Askin da Baba Nachhattar Bai Yi Ba

Ƙarfe tara na safe wani dattijo mai shuɗin rawani ya faɗo ofishin 'yan sanda a birnin Ludhiana na ƙasar Indiya, ya buga tebur.

"An sace mini keke mai ƙafa uku! Kuma na san ɓarayin, har rasit suka ba ni."

Insifekta Tejinder Bajwa ya ajiye kofin shayinsa. Sunan dattijon Nachhattar Singh, shekara talatin yana ɗaukar fasinja a tasha. Rasit ɗin na wani kamfanin karɓo bashi ne: wai ya ci rupi dubu tamanin da katin bashi na banki, don haka sun riƙe keken, jibi za su yi gwanjonsa.

"Baba, tsakaninka da Allah, ka ci kuɗin nan?"

"Ni ko ganin katin ban taɓa yi ba! Sun ce in biya rabi a yafe mini sauran. A yafe mini me? Su sayar da keken, su haɗa da ni, amma ko rupi ɗaya ba za su gani ba."

Taurin kan nan ne ya sa Bajwa ya tada babur.

A kamfanin, manaja Khanna ya tarbe shi da murmushin da bai kai ciki ba. "Yallaɓai, da kansa ya kawo keken jingina."

"Da kansa? Shi ya sa na ga an fasa kwaɗon da ke jikinsa?"

Khanna ya kira ma'aikacin da ke bin bashin. Rinku Chadha ya shigo yana ƙamshin turare, haɓa sumul, da ɗan tabo a girar hagu.

"Ban taɓa sanin tsohon nan ba sai da aka ɗora mini fayil ɗinsa," in ji shi.

Bajwa ya karɓi takardar abin da aka saya da katin, ya bi ta layi layi. Kwalin sigari. Shagon aski, duk sati biyu. Sai da dariya ta kusa ƙwace masa. Haba! Dattijon da aska ba ta taɓa hawa kansa ba tun haihuwa, kamar yadda addininsa na Sikh ya ɗora masa, wanda ko warin taba ba ya tsayawa kusa da shi?

Da Bajwa ya isa shagon askin, mai shagon ya fara da noƙe-noƙe. "Yallaɓai, kawuna nawa nake gani a rana?"

Bajwa ya nuna masa hoton dattijon.

"Wannan? A shagona? Sai dai in ruwa ya kore shi ya shigo fakewa."

"To wa ke biya da katinsa? Ka tuna a nan, ko ka tuna a ofis."

Nan take ya tuna. "Wani ɗan gayu ne mai tabo a gira. Kullum sai ya ce, 'Sa a katin Baba.' Na ɗauka ubansa ne."

Da azahar Bajwa ya koma kamfanin tare da dattijon. Ya ajiye fayil ɗin gaban Rinku.

"Ka ce ɗora maka aka yi. Ga takardar da ka rubuta da hannunka kana roƙon a ba ka shi. Mai aski yana gaishe ka."

Rinku ya zame ƙasa. "A da ni nake cika wa direbobi fom ɗin inshora a tasha, a nan na kwafi takardunsa. Da bashin ya iso nan sai na nemi fayil ɗin kada wani ya tona. Na zaci zai tsorata ya biya rabi. Kowa biya yake yi!"

"Ni ba kowa ba ne," in ji dattijon.

Khanna ya ruga ya kawo makulli da shayi, yana "Baba, a yi haƙuri." Dattijon ya karɓi makullin, ya bar shi riƙe da shayinsa.

Bajwa ya buga wa Rinku ankwa, sai ya tuna a babur ya zo.

"Ku hau, ni zan kai ku," in ji Nachhattar. Ya tada keken, sannan ya waiwayo ya miƙa wa Rinku tafin hannu.

"Rupi arba'in zuwa ofis, kuma kai za ka biya, yanzu. Ni ba na karɓar kati."