Yarinyar da Ta Yi Faɗa da Littafi

Wata yarinya ce 'yar aji biyu a sakandare, mai son karatu sosai. Wani sabon littafin soyayya ya shigo ɗakin karatun makarantarsu. Duk 'yan ajinsu sai yabonsa suke yi. Sai da ta jira sati uku kafin layi ya zo kanta.

Ranar Asabar ta zauna a falo ta buɗe shi. A shafi na goma ta yi tsaki. A shafi na ashirin ta sake yin wani.

Mamanta tana guga a gefe. Ta ce, "Ke, da wa kike faɗa?"

"Da saurayin cikin littafin nan, Mama! Ya daka wa budurwarsa tsawa a gaban mutane, wai ita kuma zuciyarta ta narke. Narkewar me? Ƙanƙara ce?"

"To ki ajiye shi mana."

"A'a, sai na ga ƙarshensa."

Ta ci gaba. Budurwar ta suma sau huɗu. A ƙarshe kuma ita ce ta ba shi haƙuri, alhali shi ne mai laifi.

Haushi ya kama yarinyar. Ta ɗauko jan biro. A wani shafi ta rubuta, "Ƙarya!" A wani ta rubuta, "Ki tashi mana, suman ya isa!" A shafin farko kuma ta rubuta yadda labarin ya ƙare.

Ranar Litinin ta mayar da littafin. Ƙawarta ce ke biye da ita a layi. Bayan an fita tara, sai ga ƙawar ta zo ranta a ɓace.

"Wata guda ina jira, kin faɗa mini ƙarshen tun ban fara ba! Wa ya tambaye ki?"

Kafin ta ba da amsa, malamar ɗakin karatu ta aiko a kira ta.

"Rubutun wa ne wannan?"

"Nawa ne, Malama. Littafin ne ya ba ni haushi."

"Ni ma na karanta shi. Gaskiya suman ya yi yawa."

Yarinyar ta ɗago kai da murna.

"Amma littafin naki ne?"

Ta sunkuyar da kai. "A'a, Malama."

Malama ta hana ta aron littafi har sati biyu. Kullum da tara, sai ta zauna da gam da farar takarda tana rufe jan rubutun. Shafi goma sha bakwai! Yatsunta duk suka yi danƙo.

Da ta gama, Malama ta miƙo mata takarda. "Rubuta ra'ayinki a nan. Ki kawo dalili, kuma kada ki tona ƙarshen."

Ta rubuta, aka manna a allon sanarwa. Ɗalibai suka taru suna karantawa. Wasu suka ce ta yi gaskiya, wasu suka ce sam ba ta gane labarin ba.

Ta je ta ba ƙawarta haƙuri. Ƙawar ta harare ta, sannan ta yi dariya. "Ni dai ya yi mini daɗi. Zo mu yi musu."

Suka tafi suna musu har bakin ƙofar makaranta.

Daga ranar yarinyar ta gane cewa ba laifi ba ne ka ƙi son littafi. Laifin shi ne ka ɓata kayan da ba naka ba, ka kuma hana wani jin daɗinsa.