Hoton Kitson Raudatu

"Raudatu! Taso nan!"

Ina tsakar gida ina ɓare masara muryar Yaya Murtala ta daki kunnena. Ban taɓa jin yayana ya kira sunana da irin wannan muryar ba.

Ko sallama bai yi ba, ya miƙo mini wayarsa.

"Wace ce wannan?"

Na duba...

Ni ce.

Ni ce a ɗakina, babu ɗankwali, daga ni sai 'yar shimi, na karkatar da kai ina nuna sabon kitsona ina dariya. Ni na ɗauki hoton da hannuna, ban kuma tura wa kowa ba. Ga shi yanzu a zauren WhatsApp na matasan Gozaki, inda mutum ya fi ɗari biyu. Wata baƙuwar lamba ce ta saka shi, ta fice.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Yaya, wallahi ban ba kowa ba!"

"Ba sai kin bayar ba. Kwana nawa wayarki ta yi a shagon wancan yaron?"

Na kau da kai.

"Magana nake miki!"

"Kwana biyu..."

Wancan yaron shi ne Zainulabidin, mai gyaran waya a Funtua. Shi ne kuma wanda manyansa za su zo ranar Asabar a sa mana rana.

Kafin la'asar magana ta kai kunnen Baba Alhaji Mati, wan mahaifina, wanda ya riƙe mu tun rasuwar Babanmu. Dama can bai taɓa son sana'ar Zainu ba.

"Na faɗa tun farko," in ji shi daga bakin zaure. "Mutumin da aikinsa buɗe cikin wayoyin matan mutane! Murtala, ka aika musu. Kada kowa ya taka mini ƙofar gida ranar Asabar."

Na faɗa ɗaki na kifa kaina a filo.

Naja'atu, 'yar Baba Alhaji, wadda muka tashi a tabarma ɗaya, ta biyo ni tana bubbuga bayana.

"Yi haƙuri, 'yar uwa. Ai gara da halinsa ya fito tun yanzu. Maza da yawa a duniya."

Ni kuwa kuka nake, ina tuna ranar da na fara ganinsa.

Gilashin wayata ne ya fashe, na je shagonsa ina ta mita, wai waya ta cika, ko hoto ɗaya ba ta ƙara ɗauka. Ya ɗago ya yi murmushi.

"Hajiya, kin san abin da kike raina wa kuwa? A shekarar 1956, ma'ajiyar bayanai ta farko ta irin wannan aikin nauyinta ya kai tan guda. Abin da take iya ɗauka duka-duka bai wuce hotonki ɗaya ko biyu ba."

"Kai Malam, ban da zuƙi!"

"Allah kuwa. Kafin ita ma akwai wata kwamfuta a Amurka da ta cika ɗaki guda. Nauyinta ya yi buhun masara ɗari uku. Kuma kin san su wa suka fara tsara mata aiki? Mata ne, su shida, suna jona wayoyi ɗaya bayan ɗaya da hannu."

Na saki baki ina kallonsa. Na dubi 'yar wayar da ke tafin hannuna, sai na ji tsigar jikina ta tashi. Ɗaki guda... ya dawo cikin jakata!

Tun daga ranar, duk zancen da zai zo sai ya taho mini da labari. Wasu samarin turare suke kawowa, nawa mamaki yake kawo mini.

To yau ga inda mamakin ya kai ni.

Washegari da hantsi ya kira. Sau bakwai ina kallon sunansa, a na takwas na ɗauka.

"Raudata..."

"Kada ka ƙara kirana haka."

"Hasken idona, ki saurare ni minti ɗaya."

"Ka kalla ko ba ka kalla ba? Shi kawai nake son ji!"

Na ji saukar numfashinsa.

"Har ke, Raudatu?"

Maganar ta soke ni, amma na daure.

"Ban kalla ba," ya ce a hankali. "Gilashi kawai na sauya, ko lambar buɗe wayar ban tambaye ki ba. Ki tuna."

Na tuna. Gaskiya ne, bai tambaya ba.

"Amma an ce ku masu gyara kuna da dabarunku..."

"Akwai masu yi, ba zan ɓoye miki ba. Amsa mini abu ɗaya. Ranar da aka saya miki wayar nan, wa ya buɗe miki asusun imel ɗin da ke kanta?"

"Ni ban da wani asusu. Yaya Murtala ne ya sa nasa, ya ce duk ɗaya ne, don dai waya ta tashi."

"Wayar wa kuma ya sa wa?"

"Tasa... da ta Naja'atu. Rana ɗaya ya sayo mana a kasuwar Malumfashi."

"Subhanallah," ya ce. "Gani nan zuwa."

"Baba ya ce kada ka zo!"

"Gara ya kore ni da bakinsa, in ji. Amma ba zan rasa ki a kan abin da ban aikata ba."

Bayan azahar sai ga ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida. Baba Alhaji na zaune ƙarƙashin mangwaro ana ɗinke buhunan masara. Na laɓe a zaure.

Zainu ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa.

"Baba, barka da rana."

"Ban aika maka ba?"

"Saƙo ya iso, Baba. Alfarma ɗaya nake roƙo. A kawo wayar Raudatu, da ta Yaya Murtala, da ta Naja'atu. Ba zan taɓa ko ɗaya ba. In abin da na faɗa bai faru ba, ba za a sake ganin ƙafata a Gozaki ba."

Baba ya dube shi sama da ƙasa.

"Siddabaru za ka yi mana?"

"A'a, Baba. Hularka kawai za a ɗauka hoto."

Masu ɗinkin buhu suka kwashe da dariya. Baba ya harare su, sannan ya ce a kira mu.

Muka fito cikin hijabi, ni da Naja'atu. Zainu bai ɗago ya kalle ni ba, nan na san zafin tambayata bai sake shi ba.

"Raudatu, kunna data ki ɗauki hular Baba. Kada ki tura wa kowa."

Na ɗauka.

"Yaya Murtala, kunna taka datar, ka shiga wata manhajar hotuna mai launi-launi. Wataƙila ba ka taɓa buɗe ta ba."

"Wannan? Ni na ɗauka talla ce."

Yana dannawa, Zainu ya juya mana baya gaba ɗaya, ya fuskanci katanga.

"Kai kuma lafiya?" in ji Baba.

"Hotunan gidanku ne za su fito, Baba. Ba hurumina ba ne."

Na ga Baba ya daɗe yana kallon bayansa.

Aka jira. Shiru. Sabis ɗin garinmu sai an lallaɓa shi.

"To, ina hular?" Baba ya ce. "Ko ta tsaya shan ruwa a Kafur?"

Yaya Murtala ya haye kan buhuna ya ɗaga wayar sama. Can sai ya daka tsalle ya diro, ido waje.

"La'ilaha illallahu! Baba... ga ta!"

Hular Baba ce, zanna bukar ɗinsa mai ruwan ƙasa, har da reshen mangwaro a bayanta. A wayar da ban tura wa komai ba!

Baba ya shafa kansa kamar mai tabbatar da hular tana nan.

"Ta ina ta bi?"

"Ta yi tafiya mai nisa, Baba," in ji Zainu, har yanzu fuskarsa na katanga. "Akwai manyan gine-gine, wasu a ƙetaren teku, cike da kwamfutoci, dare da rana ba a kashe su. Duk hoton da wayar nan ta ɗauka, tana aika kwafinsa can ajiya. Kamar rumbu ne. Asusun shi ne makullin. Yaya Murtala ya raba makulli ɗaya ga waya uku, don haka abin da ɗaya ta zuba, sauran za su iya ɗiba."

"Wato hulata ta ƙetare teku ta dawo, ni ina nan zaune?"

"Kafin a gama ɗinke bakin buhu, Baba."

"Ikon Allah... Ikon Allah!"

Yaya Murtala ya matsa hotunan ƙasa kaɗan, sai ya runtse ido ya kife wayar a ƙirjinsa. Ya ga hoton kitson.

"Ni ban ce wani ya yi ba," Zainu ya ce. "Ƙofar dai a buɗe take, shi kaɗai na zo nunawa."

Babu wanda ya kalli Naja'atu. Ita ce ta zube ƙasa da kanta.

"Baba, ni ce... Ni ce! Tun watan azumi nake ganin hotunanta. Da sabon layi na saka. Ni na fara ganinsa a Funtua, ni na nuna mata shagon, amma ko sau ɗaya bai kalle ni ba..."

Kuka ya ci ƙarfinta.

Na tsaya kamar an dasa ni. Naja'atu! Wadda ta bubbuga bayana jiya!

Baba ya miƙe, fuskarsa ta sauya, ya ɗaga hannu. Ban san lokacin da na sha gabansa na durƙusa ba.

"Baba, don Allah! 'Yar uwata ce. Ni aka yi wa, kuma ba na so a ƙara wani abin kallo a ƙofar gidan nan."

Ban yafe ba a lokacin, ba zan yi ƙarya ba. Sai da aka yi watanni. Amma na kama hannunta na ɗaga ta.

"Baba..." Muryar Yaya Murtala ce. Ashe ya ci gaba da matsa hotunan ƙasa don ya kauce wa nawa, har ya kai shekarun baya. "Baba, zo ka gani. Wayata da ta faɗa rijiyar fadama shekara shida da suka wuce... duk abin da ke cikinta yana nan."

Ya danna wani bidiyo.

Gonar auduga ce, fari fat. Wani mutum da malafa ya juyo yana dariya, yana share gumi.

"Kai Murtala! Ajiye abin nan ka zo ka kama mini buhu!"

Babanmu.

Muryar Babanmu, Malam Bature, wanda ko hoto ɗaya ba mu da shi sai na katin zaɓe!

Na fasa ihu na toshe bakina. Yaya Murtala ya zauna daɓas a ƙasa. Masu ɗinkin buhu suka yi ta salati. Baba Alhaji ya karɓi wayar da hannu biyu, kamar an miƙo masa jariri.

"Bature..." ya ce. "Ƙanena..."

Hawaye suka gangara cikin gemunsa.

"Sake sa shi."

Aka sake.

"Sake."

Sau huɗu Babanmu yana kiran Murtala ya kama masa buhu. Waya tana ƙasan rijiya, mai maganar yana ƙarƙashin ƙasa, muryar kuwa tana can wani gini a bayan teku tana jiranmu shekara shida!

Duk wannan abin da ake yi, Zainu bai juyo ba. Yana jin kukanmu, kafaɗunsa na motsi, amma idonsa na kan katanga.

Na matsa kusa da shi, daidai yadda kunya ta bari.

"Zainu..." na ce ƙasa-ƙasa. "Na zarge ka. Ka yafe mini."

"Ya wuce, Raudata. Amma yau ɗin nan za ki buɗe naki asusun, da makullin da ko ni ba zan sani ba."

"Ko kai?"

"Ko ni, abar ƙaunata."

Na yi dariya cikin hawaye.

Baba ya share fuska da hannun riga, ya gyara murya.

"Murtala."

"Na'am, Baba."

"Ka sake aikawa Funtua. Asabar tana nan."

Sannan ya dubi bayan da aka juya masa tun ɗazu, ya miƙa wayar.

"Kai kuma, Zainulabidin, katangar ta isa haka. Juyo ka ga surukinka."