Aljanin Bututun Hamma Hashim

Na rantse da wanda ya busa min numfashi ba za ku yarda ba, amma ni Dawuda, da aka kora daga lise, wato sakandare, a aji uku, na sa malamin da aka ɗauko tun daga Maruwa ya yi gumi.

Yayana Hamma Hashim ne ya jawo. Ya sayo injina uku masu haƙo kuɗin intanet, ya jera su a ɗakina a gidanmu na Djamboutou, ni kuma aka mayar da ni zaure. Injinan nan zafi suke fitarwa kamar gidan burodi, ga watan Afrilu na Garwa. Sai ya huda bango, ya ja bututu mai fanka har bayan gida, inda matarsa Adda Sadiƙa ke shanya kilishi da kuɓewa da iskar. Bututun ya ratsa ta saman ɗakin 'yarsu Nafisatu, mai shekara goma sha huɗu.

Ɗakina kawai nake so. Na kwance mahaɗin bututun daidai saman gadonta.

Wata magariba, gari ya yi tsit, kaji sun shige, sai tsakuwar da nake jifa ta fara sauka a kwanon ɗakinta ɗaya bayan ɗaya. Iska mai zafi ta cika ɗakin yarinyar. Na laɓe bayan injina, na sa baki a bututu, na kira sunanta a hankali. Kwana uku ina yi. Ran na huɗu aka same ta a ƙasa, ta suma.

Ni na ɗauka injinan za a kwashe. Sai aka ɗauko Modibbo, malamin nan na Maruwa. Bayan la'asar ya zo da dorina da kaskon garwashi. Ya ce aljanin yana jikinta, bulala ashirin da ɗaya zai sha. Ya rufe taga, ya zuba barkono a wuta.

Ta bututu nake jin komai. Ana tsula mata, tana tari.

"Waye kai?" in ji Modibbo.

"Ni ce, Malam. Nafisatu ce."

"Ƙarya kake." Ya ƙara mata.

A ta tara sai ta sauya murya don a ƙyale ta. "Zan fita. Wallahi zan fita."

Nan raina ya ɓaci. Ni na yi wahalar, ita za ta rufe cinikin? Na kumbura murya ta bututu: "Ba inda za ni sai an fitar da ƙarafan nan daga gidan."

Dorinar Modibbo ta tsaya. Na ji carbinsa ya faɗi.

"In an fitar, za ka bar ta?" in ji shi.

Ina shirin ƙara sharaɗin rago sai wutar lantarki ta ɗauke. Fanka ta tsaya. Hayaƙin barkonon da take turawa can ya juyo ta bututu ya shige min maƙogwaro. Na danne, na danne, sai tari ya ƙwace, da atishawa uku a jere. Duk gidan an san atishawata.

Hamma Hashim ya jawo ni tsakar gida ta wuyan riga. An fito da Nafisatu, rigarta ta manne a bayanta. Ba ta ko dube ni ba.

Adda Sadiƙa ta je ta sa sakata a ƙofar gida, ta dawo ta miƙa hannu.

"Modibbo, ba ni dorinar. Nawa suka rage wa aljanin?"

"Goma sha biyu."

"Dawuda, cire rigarka."