Ranar da Shamsiyya ta Kira Sunan Ɗan Farinta

Duk Burumburum an san yadda Inna Saude ke ji da jikanta Zayyad. Ranar nan ma tana tsakar gida tana burka nono, tana yi wa maƙwabta ƙafafa da shi.

"Ku dube shi," in ji ta. "Shekara biyu da rabi, amma ba ya haɗa ido da babba. Kunyar Fulani ce tsantsa, gadon kakansa."

Shi kuwa Zayyad yana gindin rumbu yana jera murafen kwalba, in ɗaya ya goce sai ya sake daga farko. Mahaifiyarsa Shamsiyya tana bakin murhu, ta yi kamar ba ta ji ba. Ɗan farinta ne, kuma a gidan ba a taɓa yin uwar da ta kama sunan ɗan fari ba, balle ta yi masa wasa a gaban jama'a. "Yaron nan" kawai take cewa, amma rabin ranta yana wurinsa.

Tun jiya hankalinta ya tashi. Ta je awon cikinta na biyu a Tudun Wada, wata nas ta yi wa masu ciki bayanin yaran da ba sa waiwayowa in an kira su, ba sa nuna abu da yatsa, ba sa haɗa ido. Ta ce a kai su asibiti da wuri. Duk abin da ta lissafa, Shamsiyya ta gan shi a gindin rumbunsu.

Da mijinta Mas'ud, ɗan Inna, ya dawo daga gona, ta kai masa fura ɗaki ta durƙusa.

"Yau kuma da durƙuso? Shamsi, me na yi?" ya ce yana dariya.

"Yaya, ba wasa ba ne. Zayyad ba kunya yake ji ba."

Ludayin ya tsaya a hannunsa, don bai taɓa jin sunan a bakinta ba.

"Ko ba ya ji ne?"

"Yana ji sarai. Ka taɓa ledar biskit a zaure, zai taho. Amma ƙarar injin niƙa sai ya toshe kunne yana kuka. 'Baba' ɗin da ya fara faɗa bara ma ya daina."

Ashe Inna na bakin ƙofa ta zo karɓar ƙwarya.

"Me nake ji? Sunan ɗan fari gatsal a bakinki, har da laƙaba wa jikana ciwo? Haɗa kayanki, 'yar nan. Ki je gidanku a koya miki kunya."

Hawaye ya zubo wa Shamsiyya. Tana son mijinta, tana son gidan, amma ta kasa janye maganar. Mas'ud ya sauko ya durƙusa kusa da ita.

"Inna, ki gafarce mu. Ki kira shi sau uku. In ya waiwayo, ni da kaina zan kai ta gida a babur."

Inna ta fita da ƙarfin gwiwa. Ta kira sau ɗaya, ta kira sau biyu. Ta kira na uku, ta ƙara na huɗu da ba a ce ta yi ba. Zayyad na ta jera murafensa. Tsohuwar ta zauna daɓas a kan turmi.

"Ashe duk yabon nan da nake yi, yaro taimako yake nema," ta ce tana share ido.

Su huɗu suka tafi Kano, Inna ce ma ta goya shi. A asibiti aka gwada kunnensa, aka ga lafiya lau yake. Likita ta ce yanayin ana kiransa otizim, ba iska ba ce, ba kuma laifin kowa ba ne. Ba ya warkewa da allura, amma horo da wuri yana taimakawa ƙwarai. Ta ce uwa ta riƙa zama gabansa kullum, tana kiran sunansa, tana yi masa wasa.

"To, likita ta ɗaure wa rashin kunya gindi," in ji Inna a mota, har Mas'ud ya ƙyalƙyale da dariya.

Wata shida Shamsiyya tana fama. Wata rana a dace, wata rana a tashi da kuka, ba ta gaji ba. Ranar sunan ƙanwar Zayyad gida ya cika da mata, hayaniya ta dame shi, ya raɓe a bango ya toshe kunne. Shamsiyya ta miƙa wa Inna jaririya ta tsuguna.

"Zayyad," ta ce a hankali.

Ya ɗago. Ya dube ta cikin ido, ya taho ya faɗa jikinta.

"Ikon Allah, yaran zamani! Sunan ɗan fari a bainar jama'a?" in ji wata tsohuwa.

"Ni na sa ta," in ji Inna, hawaye na bin kumatunta. "Sake kiransa, 'yar nan, ban ƙoshi da gani ba."

Kunya ado ce, amma kada ta rufe bakin uwa a kan lafiyar ɗanta. In yaro ba ya amsa sunansa, ba ya haɗa ido, a kai shi a duba tun da wuri. Shamsiyya ta yi haƙuri, mijinta ya tsaya mata, ga shi ta sake kira, Zayyad ya sake waiwayowa.