Ƙofar Tsakiya

Sau uku Zalika tana karanta sunan, bai canza ba.

Tana tsaye ne a filin wata masana'antar ƙofofi a bayan garin Guangzhou, gaban jar ƙofar da ta yi wata huɗu tana zarya a kanta. Lawban Cen, mai masana'antar, ya ɗaga mata farantin tagullar da za a kafa a saman ƙofar yana ta fara'a. Rubutun Larabci ne a jiki, shi kuwa ko alif bai sani ba, shi ya sa ya kira ta, kada ma'aikatansa su kafa abin a kife. Ya ce mai kaya ne ya turo sabon zane makon jiya, wai a ɗan sauya adon.

Ado, ka ji fa.

A zanen farko, wanda ta yi da hannunta, Jabir da Zalika aka rubuta. A wannan, Jabir na nan daram, amma a gefensa Hafsah ce.

"Daidai yake?" Lawban ya tambaye ta da Sinanci.

"Daidai yake..." ta ce.

Zalika 'yar Maraɗi ce. Karatun tarihin gine-gine ne ya kawo ta ƙasar Sin, ranakun da ba ta da aji kuma tana yi wa 'yan kasuwa tafinta. A nan ta haɗu da Jabir, Bakano mai safarar ƙofofin ƙarfe, ga tsiya kamar me. Ranar da ya ji a kan ƙofa ɗaya tal take rubuta kundinta, dariya ya yi har da riƙe ciki. Wai ta baro Maraɗi ta ƙetaro rabin duniya saboda ƙofa guda, alhali shi ɗari yake lodawa a kwantena ɗaya?

Ba ta yi fushi ba, sai ta ba shi labarin. Ƙofar kudu ce ta fadar sarakunan Sin a Beijing, Ƙofar Tsakar Rana, ta haura shekara ɗari shida a tsaye. Mashigarta ta tsakiya ta sarki ce, manyan fadawa ma ta gefe suke raɓewa. Mace ɗaya ake buɗe wa ita, sarauniya, ita ma sau ɗaya a rayuwarta, ranar da aka kawo ta amarya. 'Yan matan da ake zaɓo wa fada kuwa ta ƙofar baya ake shigo da su a keken alfadari, ba kiɗa ba shela.

Jabir ya daina dariya. Bayan shekara guda ya ce mata yana gini a Kano, kuma irin wannan ƙofar yake so, ja, mai mashiga uku, da ƙusoshin tagulla layi tara-tara.

"Ta tsakiyar a rufe za ta zauna, Gimbiyata, sai ranar da aka kawo ki."

Wallahi ranar Zalika ba ta iya cin abinci ba don murna.

To, sai dai masana'antun nan ba sa ƙera abu ɗaya. Ko ɗari ko babu. Duk inda suka je, "mei-yo" ake ce musu, wato babu. Jabir ya koma Kano ya bar mata aikin, ita kuwa ta san garin: abin da ya gagara a ofis, a teburin cin abinci ake warware shi. Ta shirya wa Lawban Cen da mutanensa liyafar rana. A al'adarsu mai neman alfarma kan miƙe ya zagaya, ya goga ƙaramin kofinsa da na kowa, yana sassauta nasa ƙasa don girmamawa. Su giyarsu suka zuba. Ita shayi ne a nata, kowa a teburin ya sani.

Don kada ta zama mace ita kaɗai, ta tafi da Hafsah, 'yar kawun Jabir, wadda ta zo sarin kaya a kasuwar Canaan ta sauka a ɗakinta. Yarinyar sai "Anti Zalika" take, tana washe baki tana ɗaukar hotuna. Lawban ya yarda zai ƙera ƙofar. Hafsah ta koma gida da kayanta da hotunanta, a hoto kuwa ba a ganin abin da ke cikin kofi.

Duk wannan sai Juma'ar da ta biyo bayan ganin farantin Zalika ta haɗa shi, a bakin Masallacin Huaisheng. Ta tsaya gindin tsohuwar hasumiya har aka sallame, ga Jabir ya fito cikin farar shadda. Ashe kwanansa uku a gari bai neme ta ba. Da ya gan ta sai ya sunkuyar da kai, ya ja ta gefe.

Ya ce hoton ya zagaya dangi kaf. Hajiyarsa ta kwanta ciwo, Alhaji ya rantse mai shan giya da maza ba za ta taka masa gida ba, kawu kuma ya kawo maganar Hafsah, sati biyu bai cika ba aka sa rana, sha biyu ga watan gobe. Ya ce ya gaya musu shayi ne, ba wanda ya saurare shi.

"Ka gaya musu don ƙofarka na zauna a teburin nan?"

Ya kau da kai gefe.

"Jabir... ka gaya musu kai ka bar mini aikin?"

"Da na faɗa, cewa za su yi ni na tura ki cikin mashaya, Zali. Ki fahimce ni..."

Ta fahimce shi sarai, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

Sai ya sassauta murya, irin wadda ya san tana kashe mata jiki. Ya ce ita yake so, Allah ne shaida. Su ɗaura aure a nan, shaidu biyu sun isa, wani dattijon ɗan kasuwa ya tsaya mata a madadin babanta. Zai kama mata gida, wata huɗu yake yi a Guangzhou duk shekara. In Hajiya ta huce, a hankali sai a sanar.

Kada ku ce Zalika dutse ce. Tana son mutumin nan har cikin ƙashinta, saura ƙiris ta ce to. Ta dubi hannunsa, ta dubi 'yan Maraɗi da ke wucewa suna gaisawa, waɗanda rabinsu sun san babanta a kasuwa.

"In na mutu a gidan da za ka kama mini," ta ce a hankali, "wa za ka ce wa Hajiya ta rasu? Tafintarka?"

"Haba Gimbiyata..."

"Daina kira na haka. Na yi shekara uku ina karanta labarin matan da aka shigar ta baya, Jabir. Yawancinsu ko sunansu ban samu a littafi ba."

Ta juya. Ya kira ta sau biyu, bai biyo ta ba, don abokan kasuwancinsa na kallo.

Ranar Litinin za a ɗaure ƙofar a kai ta tashar jiragen ruwa ta Huangpu a loda a jirgi. Sunan Zalika ne a takardar duba kaya, ita kuma ba ta iya barin aiki a rabi. Ta je da kumburarrun idanu, ta taɓa ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ta gwada makullai, ta sa aka gyara wani fenti da ya ɗan zazzago. Sannan ta sa hannu.

Ma'aikata na naɗe ƙofar da soso, sai tsohuwar da ta yi fentin ta riƙo mata mayafi. Tun farkon aikin kowa a nan ya san ita ce amaryar, ba wanda ya iya karanta farantin balle ya san an sauya. Tsohuwar ta tambaye ta yaushe ne bikin, ta ƙara da cewa a garin nan amarya ba ta tafiya sai ta raba wa mutane alewar aure.

"Sha biyu ga watan gobe," in ji Zalika. Ba ta yi ƙarya ba.

Suka tafa mata. Ta tsallaka titi ta sayo alewa mai jar takarda, ta bi su ɗaya ɗaya tana zuba musu a tafin hannu, kowa na yi mata fatan zaman lafiya da 'ya'ya masu yawa. Tsohuwar ta ɓare guda ta sa mata a baki da kanta.

A nan ne kukan ya ƙwace mata, mai sauti, har kafaɗunta na rawa.

Tsohuwar ta rungume ta tana bubbuga bayanta, tana yi wa sauran dariya.

"Ku ƙyale ta," ta ce. "Amare duk haka suke."